Kundin Bibiyar Wata Ɗaliba Mai Rera Waƙa, Shekarar Karatu ta 2024/2025

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Shugabar makarantarmu ta buƙaci duk malamar da ke kula da wata ƙungiya ta ɗalibai ta riƙa rubuta abin da ake yi da inda aka kwana. Ni ce nake koyar da Hausa a manyan azuzuwa, ni ce kuma uwar ƙungiyar adabi, wadda take zama kowace Laraba bayan an tashi daga darasi. Na keɓe wannan kundi ga ɗaliba guda, 'yar aji biyar mai shekara goma sha shida, kuma ba zan ambaci sunanta ba, domin yarinya ce da take ƙarƙashin iyayenta.

A makon jiya muna darasin rubutacciyar waƙa sai na ce ina son wata ta rera mana baiti biyu maimakon ta karanta su kamar labari. Ajin ya yi tsit. Can daga kujerar baya wannan yarinya ta fara, kanta a sunkuye, gefen hijabinta a bakinta. Muryar ƙarama ce, amma tana da zaƙi, kuma ba ta kauce wa karin ba ko sau ɗaya. Illarta a bayyane take: numfashinta yana ƙarewa kafin ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ya ƙare, sai ta haɗiye gaɓar ƙarshe, wadda kuwa a nan ne amsa-amon waƙa, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen baitoci, yake zaune.

Na daɗe ina ganin cewa yadda ake koyar da waƙa a makarantu yana tauye ta. Ana sa yara su ƙirga baitoci, su faɗi jigo da salo, su haddace sunan mawallafi saboda jarrabawa, alhali marubutan sun tsara waƙoƙin ne domin a rera su a ji da kunne. Abin da nake so in gani a wannan shekara shi ne ko makaranta za ta iya ɗaukar yarinya mai baiwa irin wannan ta raine ta har ta tsaya da ƙafarta, ba tare da karatunta ko tarbiyyarta sun samu tasgaro ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, 2024

Mun fara da numfashi. Na roƙi malamin da ke koyar da Alƙur'ani da tajwidi ya zo zaman ƙungiya, kuma ya amsa da hannu bibbiyu. Kafin komai sai da ya ja hankalin ɗalibai cewa karatun Alƙur'ani daban, waƙa daban, kada wata ta haɗa su. Amma ya ce huhu ɗaya ne da maƙogwaro ɗaya, kuma makarancin da ya ƙware yakan san inda zai yi waƙafi tun kafin ya buɗe baki. Ya sa ta ɗauki fensir ta yi alama a kowane wurin da za ta shaƙi iska a cikin baiti, ya kuma hana ta shaƙa a tsakiyar kalma.

Ni kuma na shimfiɗa tabarma a aji, na sa ta kwanta rigingine, na ɗora littafi a kan cikinta. Idan ta shaƙi iska yadda ya kamata, littafin ne zai ɗaga, kafaɗu kuwa ba za su motsa ba. Dalili shi ne akwai wani faffaɗan nama a ƙarƙashin huhu wanda yake sauka ƙasa idan an shaƙi iska sosai, ya tura ciki waje, huhu ya samu wurin cika. Mai numfashi da saman ƙirji iska kaɗan yake samu, sai ya koma matse maƙogwaro domin ya kai ƙarshen ɗango, kuma a nan ne murya take gajiya. Da farko littafin ko motsi bai yi ba, ƙawayenta suna ta dariya, ita ma tana yi. Kafin mu tashi ya fara ɗagawa. Na ba ta aikin gida: ta riƙa shaƙar iska, sannan ta sake ta a hankali ta tsakanin haƙora, tana ƙirge a zuci.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 2024

Yau ta tsaya gaban taron safe a karon farko, kuma abin bai tafi yadda muka so ba. Ta kammala baitin farko lafiya, da ta ɗaga kai ta ga dukan makaranta a jere suna kallonta, sai baiti na biyu ya ɓace mata. Ta tsaya cak, takardar tana rawa a hannunta. Wasu 'yan ƙananan azuzuwa suka fara ƙyalƙyala dariya.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake ganin yau ba mu yi asara ba. Shugabar ɗalibai, wadda ba ma 'yar ƙungiyarmu ba ce, ta ɗauki amshin da ƙarfi daga inda take tsaye, layin aji shida suka karɓa, sannan sauran makaranta. Suka maimaita shi har yarinyar ta dawo cikin hayyacinta, ta kama baiti na uku ta ci gaba. Ta sauko tana hawaye, amma ta kai waƙar ƙarshe.

Wannan ya sa na sauya tsarin aikin. A waƙar Hausa, ta fada ce ko ta dandali, da wuya a ga jagora shi kaɗai. 'Yan amshi ne suke ba shi damar numfasawa da tuno abin da ke gaba, su ne kuma suke rufa masa asiri idan ya yi tuntuɓe. Daga yau ba za ta ƙara tsayawa ita kaɗai ba. Na zaɓi 'yan mata shida daga ƙungiya su zama 'yan amshinta.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Labarin taron safe ya kai gida, mahaifinta ya aiko cewa a cire 'yarsa daga ƙungiya. Na nemi izinin shugaba na je gidan da kaina, tare da mataimakiyarta. Mahaifin ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai natsuwa, kuma ya karɓe mu da mutunci a zaure. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, na kai ta makaranta ne ta yi karatu. A zuriyarmu babu maroƙi, kuma ina ganin abin da 'ya'yan mutane suke yi a waya."

Ban ɗauki maganarsa a matsayin jahilci ba, domin tsoronsa yana da tushe. A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon waƙa a matsayin sana'ar gado ta wasu gidaje, kuma abin da ake gani a TikTok a yau bai taimaka wa yarinya mai son rera waƙa ba. Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba roƙo muke koya mata ba, kuma babu wanda za ta wasa domin ya ba ta kuɗi. Waƙa tana cikin manhajar Hausa da za ta rubuta jarrabawa a kai." Na tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajoji, wato mata jagorori, waɗanda suke zuwa daga ƙauyuka su koyi waƙoƙin su koma su karantar da mata. Da rerawa ilimin ya isa ga matan da ba su iya karatu ba, kuma wannan tsari, da ake kira 'Yan Taru, bai mutu ba har yau a ƙasar Sakkwato.

Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai mahaifiyar yarinyar ta yi magana daga bayan labule, ta ce, "Alhaji, ai ni ma da nake budurwa ni nake ba da waƙa a gaɗa, kuma ka sani." Ya yi murmushi bai musa ba.

Ya yarda bisa sharuɗɗa. Ba za a ɗauke ta a bidiyo a saka a intanet ba, za ta kasance a gida kafin sallar La'asar ta wuce, duk waƙar da za ta rera sai ya ga kalmominta tukuna, kuma ranar da makinta ya sauka ranar za ta bar ƙungiya. Na rubuta sharuɗɗan a gabansa, shugaba ta sa hannu ranar Litinin. A ganina babu ko ɗaya a cikinsu da ya wuce gona da iri.

Laraba, 4 ga Disamba, 2024

Makonnin nan mun shiga karin waƙa, kuma a nan ne na ga kaifin basirarta. Na bayyana wa ƙungiya cewa marubuta waƙoƙin Hausa da dama sun gina waƙoƙinsu a kan ma'aunan arulin Larabci, ilimin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, kuma abin ya zauna wa Hausa daidai saboda ita ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali. Mai nauyi kuwa ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe ta. Wahalar da ɗalibai suke sha ita ce rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka dole kunne ya yi aikin.

Mun ɗauki karin Mutaƙarab, wanda ƙafarsa take da gaɓa uku, marar nauyi ɗaya sannan masu nauyi biyu. Na ba su kalmomin karatu, rubutu da iyaye, na sa su tafa a kan kowace gaɓa, gajeren tafi ɗaya da dogaye biyu. Yawancinsu sai da suka rubuta suka ƙirga. Ita kuwa tana jin kalma take faɗin ko ta hau ko ba ta hau ba.

A zaman yau ta kawo waƙarta ta farko, 'yar ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu a kowane baiti, a kan 'yan matan unguwarsu da suke yawon talla a lokacin da take tafiya makaranta. Ga mabuɗinta:

Ina 'yar da ke bin gidaje da talla,
Ki zo ga kujera, a zauna a koya.

Ɗangon nan biyu sun hau karin ba tare da gyara ba. A baiti na biyu ne aka samu matsala, inda ta rubuta "Mu ɗauko fitila mu haskaka hanya". Da ta rera sai na ji tana jan gaɓar tsakiya ta fitila domin ta cike ma'auni, alhali gajeriya ce a bakin kowane Bahaushe. Ban faɗa mata inda laifin yake ba, na ce ta faɗi ɗangon da magana kawai, kamar tana yi wa ƙanwarta bayani. Tana faɗa ta tsaya, ta ce, "Malama, fitilar ce." Ta koma gefe ta yi ta gogewa tana sakewa, daga baya ta dawo da wannan:

Uwa ta yi fata, uba ya yi fata,
Karatu ya sa mun ga haske a hanya.

Ra'ayina shi ne mawaƙin da yake karya kalma domin ta shiga kari bai gama koyo ba, komai daɗin muryarsa. Na fi son ta sha wahalar neman wata kalma yanzu, tun kunnenta bai saba da lanƙwasa harshe ba.

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Mun dawo daga hutu muryarta a dishe. Hunturun bana ya zo da ƙura, ga shi a lokacin hutu an yi bikin wata 'yar uwarta, inda mata suka sa ta gaba ta yi ta rera musu waƙa a tsakar gida cikin hayaniya, ba lasifika. Yanzu idan ta yi magana sai iska ta riga sautin fitowa.

Ma'aikaciyar jinyar makaranta ta duba ta, ta kuma yi wa dukan ƙungiya bayani mai amfani. Ta ce a cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani biyu da suke karkarwa idan iska ta bi ta tsakaninsu, su ne suke samar da murya, kuma idan aka tilasta musu a busasshiyar iska sai su kumbura. Maganinsu hutu ne da yawan shan ruwa. Ta hana ta yin raɗa, domin raɗa ma tana wahalar da su, ta kuma hana ta yawan gyaran murya da kakari. Game da zuma da citta da kanumfari da kakarta take dafa mata, ta ce ta sha abinta, suna sanyaya maƙoshi, amma kada ta ɗauka sun ba ta lasisin komawa waƙa, domin abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tantanin. Ta ƙara da cewa idan dishewar ta kai mako uku ba sauƙi, sai an kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Na dakatar da ita daga rerawa gaba ɗaya. Abin da ya faranta mini rai shi ne yadda ajinsu suka ɗauki lamarin ba tare da na ce komai ba. Monitar aji ta cire sunanta daga masu shara saboda ƙura, wadda suke zama tare take karanta amsarta idan malami ya yi tambaya, malamin Turanci kuma ya ɗage mata karatun baki zuwa wata mai zuwa.

Laraba, 5 ga Fabrairu, 2025

Muryar ta dawo, mun koma aiki a hankali. Yanzu kowane zama da baki a rufe muke fara shi, ana gunguni daga ƙasa zuwa sama, kafin a furta kalma ko ɗaya.

Mun samu malama daga inda ba mu zata ba. Dattijuwar da take sayar da ɗanwake a bakin ɗakin cin abinci, wadda kowa yake kira Iya, ashe ta daɗe tana sauraronmu. Yau ta ajiye ludayinta ta zo, ta ce wa yarinyar, "'Yar nan, kina ɗauko waƙa daga sama. In kin fara a can, ina za ki je in waƙar ta hau?" Gaskiya ta faɗa, domin yarinyar takan fara da siririyar murya saboda fargaba, idan aka zo wurin da karin yake tashi sai ta rasa wurin zuwa, ta shiga matsewa. Iya ta rera mana waƙar daka irin ta ƙauyensu, ta fara ƙasa-ƙasa, tana buga tafin hannunta a cinya kamar lugude, sannan ta sa 'yan amshi su shigo daidai inda taɓarya ta biyu take sauka. Cikin ɗan lokaci shigar amshinmu, wadda ta daɗe tana zuwa a makare, ta daidaita.

Na nemi shugaba ta amince Iya ta riƙa zuwa zamanmu sau ɗaya a wata, a kuma ba ta ɗan abin goro daga asusun ƙungiya. Ta amince.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, 2025

Yau Ranar Harshen Uwa ta Duniya, wadda hukumar UNESCO ta ayyana a 1999 domin tunawa da ɗaliban da aka kashe a birnin Dhaka ranar 21 ga Fabrairu, 1952, suna neman a ba harshen Bengali matsayinsa. Makaranta ta shirya taro da safe kafin a tashi sallar Juma'a. Ɗalibanmu Fulani da Barebari da Yarbawa da Ibo kowa ya gabatar da wani abu da harshensa, sannan aka kira ƙungiyar adabi.

Ta rera waƙarta ta talla, wadda yanzu ta kai baiti goma sha biyu, mahaifinta kuma ya karanta ya amince da ita. Ta fara daga ƙasa kamar yadda Iya ta koya mata, kanta a ɗage, hannunta ɗaya a ƙasan haƙarƙarinta. Ba ta haɗiye amsa-amo ba, kowane "ya" na ƙarshen baiti ya fita sarai har bayan fili. Da aka zo baiti na uku 'yan ƙananan azuzuwa sun kama amshin da kansu.

Akwai gyara. Daga baiti na tara ta fara sauri, kamar mai son ta sauke kaya ta huta, kuma tana manna makirufo a baki har wasu baƙaƙe suna fashewa a lasifika. A wuri ɗaya kuma karin rerawa ya danne karin harshe, kalmar wuya ta wahala ta fito kamar wuyan jiki. Na bari sai ranar Laraba in faɗa mata, domin yau ranar murnarta ce.

Lahadi, 16 ga Maris, 2025

An fara azumi ranar 1 ga Maris, kuma muna cikin hutu, kasancewar jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu a wannan wata. Na umarce ta kada ta yi atisaye da rana, domin maƙogwaron mai azumi a bushe yake, ga zafin bazara ya fara. Wata ne na rubutu da sauraro. Ta aiko ƙanenta da littafinta, na ga sababbin waƙoƙi biyu, ɗaya ta hau kari, ɗayar kuwa wa'azi ne da aka jera a layi-layi, babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Na rubuta mata a gefe cewa ta nuna mini abin da idonta ya gani, kamar yadda ta yi a waƙar talla.

Laraba, 30 ga Afrilu, 2025

Wannan wata ya zo da matsaloli uku, kuma duk daga nasarar Fabrairu suka taso.

Ta farko ita ce wata ɗaliba ta shigo da waya a ɓoye ranar taron, ta ɗauki bidiyo ta tura wa 'yan uwanta. Ta haka ya kai ga wani mai ɗakin naɗar waƙa a cikin gari, ya aiko yana son a kawo yarinyar ya naɗi muryarta. Shugaba ba ta yi wata-wata ba. Ta kira mai wayar da iyayenta, aka goge bidiyon, aka bi waɗanda aka tura wa aka roƙe su su goge, sannan ta aika wa mahaifin yarinyar da bayani a ranar, kafin ya ji a bakin wani. Ya yi fushi, amma ya ce tun da makaranta ce ta fara gaya masa, bai janye yardarsa ba. An mayar wa mai ɗakin naɗar amsa cikin ladabi cewa ba yanzu ba.

Yarinyar ta ji zafin wannan amsa, ba ta kuma ɓoye mini ba. Na zaunar da ita na gaya mata ra'ayina. Ba na ƙin ɗakin naɗar waƙa, kuma akwai masu sana'ar da suke riƙe da mutuncinsu. Amma a can kwamfuta tana gyara muryar da ta kauce, ana yanka ana haɗawa, har wanda ba zai iya kai ɗango ɗaya da numfashinsa ba ya fito kamar gwani. Wadda ta shiga can tun muryarta ba ta nuna ba, za ta daina jin kuskurenta, kuma wanda ba ya jin kuskurensa ba ya gyaruwa. Ga shi kuma ba ta kai shekarun da za ta ƙulla yarjejeniya da kowa ba.

Ta biyu ita ce 'yan amshi sun fara guna-guni cewa su suke wahala, ita ake yabo. Suna da hujja. Na mayar da jagoranci karɓa-karɓa, kowace Laraba wata ce za ta ja waƙa, ita kuma ta koma cikin amshi. Zaman farko fuskarta ba walwala, amma ta yi amshin da gaskiya, kuma na lura ta fara sauraron sauran muryoyi maimakon tata kaɗai.

Ta uku ita ce makinta na lissafi ya sauka a gwajin da aka yi bayan dawowa. Malamin lissafi ya zo ya same ni kafin ya shigar da makin, ya ce ya san sharaɗin mahaifinta, kuma ba zai ƙara mata ko rabin maki ba, amma a shirye yake ya zauna da ita da wasu 'yan ajin lokacin tara, sau biyu a mako. Mun sanar da gida wannan ma.

Talata, 27 ga Mayu, 2025

Ranar Yara. An gayyaci makarantu zuwa filin ƙaramar hukuma, kuma mahaifinta ya ba da izini a rubuce. Rana ta yi zafi ƙwarai, jerin masu jawabi ya yi tsawo, ba a kira mu ba sai wajen azahar. Na sa su zauna a inuwa suna kurɓar ruwa, na hana su ihun da sauran ɗalibai suke yi wa masu fareti.

Tana cikin baiti na biyar janareta ya mutu. Na ga ta dubi makirufon, ta sauke shi, ta matsa gaba taki biyu, ta shaƙi iska har na ga hijabinta ya motsa daga ƙasa, ta ci gaba. Ba ta yi ihu ba, kuma ihun ne abin da na fi jin tsoro. Ta buɗe baki sosai, ta rage sauri, 'yan amshi suka matso suka kewaye ta. Ba zan ce dukan filin ya ji ta ba, amma rumfar manyan baƙi da layukan gaba sun ji kowace kalma, mutane kuma suka yi shiru domin su ji. Yarinyar da ta daskare a taron safe a watan Oktoba ba za ta iya wannan ba.

Mahaifinta ya rufe rumfarsa ya zo, ya tsaya can baya inda masu babura suke. Da muka fito ya gaishe ni, ya ce, "Malama, baitin nan na yarinyar da farantinta ya kife ya fi sauran." Sannan ya tambayi yadda lissafin yake tafiya.

Laraba, 18 ga Yuni, 2025

Na ba ta 'yan aji ɗaya guda huɗu da suka shigo ƙungiya. Na tsaya daga taga ina kallo: ta shimfiɗa musu tabarma, ta ɗora wa kowace littafi a ciki, tana cewa, "Kafaɗa ba ta numfashi, ku bar ta ta huta." Da wata ta kasa, ba ta yi mata tsawa ba, ta gaya mata cewa ita ma littafinta bai motsa ba a ranar farko. Koyarwar tana amfanar ita kanta, domin dole ta bayyana abin da a da take yi da ka kawai.

Alhamis, 17 ga Yuli, 2025

Sakamakon zango na uku ya fito. Lissafinta ya koma inda yake a farkon shekara, Hausa da Turanci kuma sun ƙaru, saboda haka sharaɗin mahaifinta bai karye ba.

Ga inda muka tsaya ta fuskar waƙa. Tana kai ɗangon Mutaƙarab da numfashi ɗaya ba tare da matsewa ba, tana gane karyewar kari da kunne, ta kuma san lokacin da ya kamata ta yi shiru ta huta da muryarta. Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Har yanzu takan yi sauri idan waƙa ta doshi ƙarshe. Muryarta ta ƙasa ba ta da kauri, ko da yake muryar 'ya mace ma tana sauyawa a shekarun balaga, saboda haka ba zan tilasta ta ba. Kari ɗaya kawai ta mallaka. Ta gwada karin Kamil da na Ramal, amma sai ta zame ta koma wanda ta saba. Rubutunta kuma yakan faɗa cikin wa'azi tsagwaro duk lokacin da ta ɗauki babban jigo.

A watan Satumba za ta shiga aji shida, jarrabawar WAEC da NECO suna gabanta. Mun zauna da shugaba da malamin lissafi da mahaifiyarta, muka amince cewa za ta riƙa zuwa ƙungiya Laraba biyu a wata a zango na ɗaya, daga Janairu kuma ta dakata da fita taro har a gama jarrabawa. Jagorancin waƙar taron safe zai koma hannun biyu daga cikin 'yan amshinta da suke aji huɗu yanzu.

Aikin hutunta shi ne ta zauna da kakarta da Iya ta rubuto waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da suke iya tunawa, da bayanin lokacin da ake yin kowace, sannan ta tsara waƙa ɗaya a karin Ramal wadda ba ta wuce baiti bakwai ba. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, za ta faɗo cikin hutu, don haka mun shirya 'yan ƙungiya da suke kusa su haɗu a makaranta da safe, da izinin iyayensu, ta rera sabuwar waƙar a gabansu kafin in duba ta a takarda.